Tambaya da Amsa: Sarƙa, Sifiroket da Lissafin Giya a Tseren Babur na Kwata Mil

Da yawa daga cikin wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun karkata ne ga tseren babura na miƙaƙƙiyar hanya, wanda babura biyu ke jeruwa a bakin layi, a kunna musu fitila, su ɓalle a guje har ƙarshen kwata mil, wato mita 402, ko kuma rabin hakan, mita 201. Wasa ne da ya yi ƙarfi a Amurka, inda hukumar NHRA da Wally Parks ya kafa a 1951 take shirya manyan gasanni, daga baya ya bazu zuwa Turai da Ostareliya. Mun zaɓi wasiƙu biyar da suka shafi sarƙa da sifiroket, wato farantin ƙarfe mai haƙora da sarƙa ke hawa, mun kuma taƙaita su saboda ƙarancin fili.

Tambaya daga wani mai karatu mazaunin Ingila: Assalamu alaikum, Malam. Ina da Suzuki Hayabusa ƙirar 2005, kuma nakan kai shi filin tsere na Santa Pod a ranakun da ake buɗe wa kowa. Sifiroket ɗina na kamfani ne, haƙora 17 a gaba, 40 a baya, kuma ina tsallake layin ƙarshe a giya ta huɗu da gudun mil 145 a awa. Abokaina sun ce in rage na gaba zuwa 16, wasu ma sun ce 15, wai babur zai fi tashi. Shin shawararsu daidai ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokanka sun faɗi rabin gaskiya, amma sun fara lissafin ne daga inda bai kamata ba. Sun dubi yadda babur zai tashi daga layin farko, alhali wanda ya san wannan tsere daga layin ƙarshe yake fara lissafi, sannan ya dawo baya. Tambayar da ya kamata ka fara yi wa kanka ita ce, a wace giya nake so in gama, kuma injin yana juyi nawa a minti a daidai lokacin da na tsallake layi? Abin da ake nema shi ne babur ya ƙare tseren yana can saman giyar, inda injin yake ba da cikakken ƙarfinsa ko ya ɗan gota kaɗan, ba tare da ya kai iyakar da na'ura ke datse shi ba, kuma ba tare da ka ƙara wata giya ana saura 'yan mitoci ba.

Ga yadda lissafin yake. Idan ka raba haƙoran baya da na gaba, 40 a raba da 17, za ka samu 2.35, ma'ana sai sifiroket na gaba ya juya sau 2.35 kafin tayar baya ta juya sau ɗaya. A cikin injin Hayabusa akwai ragin farko na 1.596 tsakanin kiranki da kuloci, giya ta huɗu kuma 1.285 ce. Idan aka ninka ukun, za a samu kusan 4.83. Tayar kamfani mai lamba 190/50-17 tana cin kimanin mita 1.95 a kowane juyi, don haka a gudun mil 145, wato kusan kilomita 233 a awa, tayar tana juyi kusan 1,990 a minti, injin kuma kusan 9,600. Wannan yana nuna cewa kana gama tseren da sauran fili a giya ta huɗu wanda ba ka ci moriyarsa ba. Idan ka mayar da na baya 42, a wannan gudun injin zai kai kusan 10,100. Idan 43 ne, kusan 10,300. Rage na gaba zuwa 16 ka bar 40 a baya zai ba ka 2.50, wanda ya faɗo tsakanin waɗannan biyun, domin haƙori ɗaya a gaba yana daidai da biyu da rabi zuwa uku a baya. Shawarar 15 kuwa ta wuce gona da iri, saboda 2.67 za ta kai injin kusan 10,900 a layi, ko dai ya bugi iyaka, ko ya tilasta maka shiga giya ta biyar, kuma duk sauyin giya wani ɗan lokaci ne da tayar ba ta tura babur.

Ni dai a ganina ka taɓa na baya, ka bar na gaba. Dalilin ba na ɗabi'a ba ne, na lissafi ne. Ƙarfin da ke jan sarƙa ya dogara ne ga faɗin sifiroket na gaba: gwargwadon ƙanƙantarsa, gwargwadon nauyin da ke kan sarƙar. Suzuki ta bayyana ƙarfin murɗawar wannan inji da kimanin niyuton-mita (Nm) 138, giya ta ɗaya kuma 2.615 ce, don haka da haƙora 17 sarƙar tana ɗaukar abin da ya kai nauyin kilo 1,360, da haƙora 16 kuma ya haura zuwa kusan kilo 1,440, tun kafin a yi maganar fizgar da sakin kuloci ke haifarwa. Ƙaramin sifiroket yana kuma tilasta wa kowace gaɓa ta lanƙwasa sosai, haƙora kaɗan ne ke raba nauyin, sannan sarƙar tana sauka ta riƙa gugar robar da ke kan ƙarfen da ke riƙe da tayar baya. Ƙara haƙora a baya ba ya kawo ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma yana ba ka damar gyara a hankali, haƙori ɗaya bayan ɗaya.

Sai dai akwai abin da ya kamata ka yi hattara da shi. Duk abin da ka yi wa sifiroket ya shafi giyoyin duka, har da ta ɗaya, kuma Hayabusa da ba a ƙara masa tsawo ba tun asali ba ya rasa ƙarfin tashi. Matsalarsa ita ce ɗaga gaba ko kuma taya ta yi ta juyi a banza. Ƙari a kan haka, idan ba ka sauya tsawon sarƙa ba, kowane haƙori da ka ƙara a baya yana jawo tayar baya zuwa gaba da kusan milimita 4, babur ya ƙara gajarta, ɗaga gaban ya ƙaru. Wannan ne ya sa masu babura da aka sa wa turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, sukan bi akasin shawarar abokanka, su ƙara na gaba ko su rage na baya domin giya ta ɗaya ta yi laushi, ƙarfin ya sauka ƙasa yadda taya za ta iya riƙe shi. Alƙalinka shi ne takardar da ake ba ka bayan kowane gudu. Ka dubi lokacin ƙafa 60 na farko, wato mita 18, ka dubi na rabin tazara, sannan na ƙarshe da gudun da ka tsallake da shi. Idan ka sa 42 lokacin ƙafa 60 ya lalace saboda kana sassauta totur don gaba ya sauka, to abin da ka samu a ƙarshe ka riga ka zubar da shi a farko. Ka sauya abu ɗaya kawai a lokaci guda, ka yi gudu da yawa a rana ɗaya kafin ka yanke hukunci, domin zafin rana da iska da yanayin kwalta duk suna taɓa lokaci. Lissafin da na yi maka na takarda ne, kuma santsin taya da na kuloci sukan sa agogon juyi ya nuna sama da haka kaɗan.

Tambaya daga wani makanike a Kano: Malam, barka da aiki. Mene ne ainihin ma'anar lambobin da ake rubutawa a kwalin sarƙa, irin su 428 da 520 da 530? Wani mai babban babur ya ce in mayar masa da 530 ɗinsa zuwa 520 don ya fi gudu. Zan iya sauya sarƙar kaɗai?

Amsa: Barka kadai, Malam. Lambar farko tana nuna tazarar da ke tsakanin ƙusa da ƙusa a gaɓoɓin sarƙa, ana ƙirga ta da kashi takwas na inci. Lamba 4 tana nufin rabin inci, wato milimita 12.7, lamba 5 milimita 15.875; lamba 6 kuma milimita 19.05. Lambobi biyu na ƙarshe faɗin cikin sarƙar suke nunawa, wato gurbin da haƙori ke shiga: 520 tana da kimanin milimita 6.35, 525 kusan 7.9, 530 kuma 9.5. Ƙananan baburan da suka cika titunanmu, masu inji 100 zuwa 150, yawancinsu 420 ko 428 suke ɗauka. Manyan irin su Hayabusa da Kawasaki ZX-14 da 530 suke fitowa, tsofaffin manya kuwa kamar Kawasaki Z1 da Suzuki GS1100 da 630 aka ƙera su, kuma har yau baburan tsere masu matuƙar ƙarfi suna amfani da ita.

Sarƙar kaɗai ba za ta sauyu ba. Tunda 520 da 530 tazarar ƙusarsu ɗaya ce, wasu sukan ɗauka za su hau sifiroket ɗaya, amma haƙorin 530 ya fi gurbin 520 kauri, ba zai shiga ba. Idan kuma aka juya, aka ɗora 530 a kan siririn sifiroket na 520, za ta hau, amma za ta riƙa yawo hagu da dama tana cin gefen haƙora. Dole a sauya ukun tare, sarƙa da na gaba da na baya.

Game da ko ya dace a yi sauyin, amfaninsa shi ne rage nauyi, kuma nauyin abin da ke juyawa ya fi na abin da ke zaune tasiri a wurin tashi. Baburan tseren zagaye da 520 suke gudu, kuma sarƙoƙin 520 masu daraja na kamfanoni irin su DID da RK da EK na Japan, ko Regina ta Italiya, suna da ƙarfin da ya kusanci na 530. Amma tseren zagaye ba ya yi wa sarƙa abin da tseren kwata mil ke yi mata, inda babur mai nauyin sama da kilo 200 da mahayinsa ke tsaye cik a kan kwalta mai danƙo, a saki kuloci, ƙarfin duka ya faɗa kan sarƙa a lokaci guda. Ga babur mai inji 600 zuwa 1,000 da ba a taɓa injinsa ba, 520 mai kyau za ta yi. Ga mai inji 1,300 ko sama, ko wanda aka ƙara wa ƙarfi, ban ga hikimar sauka daga 530 ba, domin abin da za a samu ɗan kaɗan ne, abin da za a rasa kuwa idan ta tsinke ya haɗa da murfin inji da ƙafar mahayi. Ka kuma lura cewa lambar girma kawai take faɗa, ba ta faɗin ƙarfi. Sarƙar 530 mai kyau tana jure jan tan 4 ko fiye kafin ta tsinke, amma akwai 530 ta araha da ba ta kusanci haka ba, don haka ka karanta adadin ƙarfin da kamfani ya rubuta, ka kuma guji jabu, waɗanda ka fi ni sanin yawansu a kasuwa. Sifiroket na gaba kullum na ƙarfe ne. Na baya ana samun na alminiyam, wanda ya fi sauƙin nauyi kuma ya dace da babur na filin tsere kaɗai, amma wanda ke hawa kullum ya tsaya a na ƙarfe, domin na alminiyam yana saurin cinyewa.

Tambaya daga wani mai karatu a Abuja: Na ji an ce masu tsere ba sa amfani da sarƙa mai zoben roba saboda tana riƙe gudu. Ni babur ɗaya gare ni, da shi nake zirga-zirga, da shi kuma nake son gwada gudu a fili. Wacce zan saya?

Amsa: Ka sayi mai zoben roba. Gaskiya ne cewa ƙwararrun wannan tsere sukan zaɓi sarƙa marar zobe mai kaurin faranti, wadda aka ƙera musamman don jure fizga, saboda zoben yana ɗan ƙara gogayya, musamman idan sarƙar ba ta ɗumama ba, kuma a gudun daƙiƙa 9 ko 10 ba ta samun lokacin ɗumama. Amma su suna wanke ta su shafa mata mai bayan 'yan gudu kaɗan, kuma babur ɗinsu ba ya taka titi. Aikin zoben shi ne ya kulle giris ɗin kamfani a cikin gaɓa, ya hana ƙura shiga, kuma wanda ya san ƙurar hunturu a ƙasarmu ya san abin da za ta yi wa sarƙar da ba ta da wannan kariya. Sababbin zobba masu siffar X sun rage gogayyar ƙwarai, har bambancin ya zama abin da mai koyo ba zai gan shi a takardar lokaci ba. Wurin wanki ka yi amfani da kananzir da buroshi mai laushi, kada ka sa fetur domin yana lalata robar, kuma ka bar al'adar bulbula mata baƙin mai, wanda ke tara yashi ya zama abin da ke cin ƙarfen. Kada ka taɓa goge sarƙa inji yana aiki babur yana cikin giya. Yatsu da yawa sun tafi ta wannan hanya.

Tambaya daga wani mai karatu mazaunin Amurka: Malam, na ƙara wa ƙarfen da ke riƙe da tayar baya na Hayabusa ƙirar 2008 tsawon inci 6, na kuma sauke babur ƙasa. Gaɓoɓi nawa zan ƙara, kuma zan iya haɗa guntuwar sarƙa da tsohuwar tawa? Sannan yaya zan ɗaure ta?

Amsa: Sarƙa tana tafiya ta dawo, don haka kowane inci da ka ƙara yana buƙatar inci biyu na sarƙa. Inci 6 ya zama inci 12, idan aka raba da tazarar gaɓar 530 za a samu gaɓoɓi 19 da ɗoriya, kuma tunda sarƙa bibbiyu take tafiya, sai a ce 20. Ƙirar 2008 ta zo da haƙora 18 da 43 da gaɓoɓi 114, don haka kana maganar kimanin 134 ne idan ba ka sauya sifiroket ba. Ka sayi doguwa mai gaɓoɓi 140 ko 150, ka ɗora ta a kan babur, ka auna, sannan ka yanke, domin wanda ya yanke kafin ya auna yakan sake zuwa kanti.

Haɗa guntuwa da tsohuwa kuwa ban yarda da shi ba ko kaɗan. Tsohuwar ta riga ta miƙe, sabuwar ba ta miƙe ba, don haka za ta riƙa tsauri a wani wuri tana sako-sako a wani, ga kuma mahaɗi biyu maimakon ɗaya, alhali mahaɗi ne wurin da aka fi samun matsala. A babur mai wannan ƙarfi ka sa mahaɗin da ake dannewa da na'ura a buɗe kan ƙusarsa, na kamfanin sarƙar kuma na samfurinta. Idan dole ta sa ka yi amfani da mai kilif, rufaffen bakin kilif ɗin ya fuskanci inda sarƙar ke tafiya, kuma ka duba shi kafin kowane gudu.

Maganar ɗauri ita ce inda mutane da yawa ke kuskure, saboda adadin da ke cikin littafin kamfani an rubuta shi ne don babur da ba a taɓa ba. Sarƙa tana kaiwa matuƙar tsaurinta ne a lokacin da tsakiyar sifiroket na gaba, da ƙusar da ƙarfen baya ke lilo a kanta, da sandar tayar baya suka jeru a layi ɗaya. Ka danne bayan babur da igiyar ɗauri har ukun su daidaita, ka juya taya ka nemo inda sarƙar ta fi tsauri, ka tabbatar akwai ɗan sassauci a wurin, sannan ka saki babur ka auna abin da ya bayar, wannan ya zama ma'auninka daga yau. Sarƙar da aka ɗaure tamau tana cin boris na sandar da ke fitowa daga giya, tana kuma hana shokozoba aikinta a daidai lokacin tashi. Wadda ta yi sako-sako da yawa, musamman doguwa irin taka, tana kaɗawa har ta tsallake haƙori. Ka tabbatar sifiroket biyun suna kan layi ɗaya ta hanyar aunawa da igiya ko miƙaƙƙen ƙarfe, kada ka dogara da zanen da ke jikin ƙarfen baya kaɗai, kuma murfin sarƙa ya kai tsawon sabon ƙarfen, domin masu duba babura a filayen tsere suna neman sa. Domin sanin lokacin sauyawa, ka ja sarƙar ta miƙe ka auna tsakanin ƙusa 21: sabuwa milimita 317.5 ce, Suzuki kuma ta sa iyaka a 319.4. Babur na tsere bai kamata ya jira ya kai iyakar ba.

Tambaya daga wani matashi a Zariya: Baba, ni ƙaramin babur gare ni mai inji 125, haƙora 14 a gaba, 42 a baya. Mukan gwada gudu da abokaina a tazarar kamar mita 200. Me zan sauya in riƙa cin su?

Amsa: Yaro, kafin maganar haƙora, wannan gwaji ba na titin jama'a ba ne, ku nemi fili da aka killace da izinin masu shi, kowa da hular kwano da takalmi rufaffe da safar hannu. Game da tambayarka, naka lissafin ya fi na masu manyan babura sauƙi, domin injinka ba shi da ƙarfin da zai ɗaga gaba ko ya sa taya santsi, don haka ƙara haƙora a baya kusan kullum zai taimake ka a gajeriyar tazara. Yanzu kana kan 3.00. Idan ka sa 45 a baya za ka koma 3.21, ƙarin kusan kashi 7 cikin 100 a ƙarfin da ke isa taya, amma gudun ƙoli zai ragu da kusan wannan adadin, injin zai riƙa kuka a doguwar tafiya, man da yake sha kuma zai ƙaru. Sa 13 a gaba zai ba ka kusan abu ɗaya da kuɗi kaɗan, sai dai sarƙar za ta fi saurin lalacewa, kamar yadda na bayyana wa mai tambaya na farko. Ka lura da giyar da kake ciki idan ka kai mita 200: idan kana tsakiyar giya injin bai buɗe ba, ka ƙara haƙora biyu ka sake gwadawa, idan kuwa ka riga ka ƙure giyar ƙarshe kafin layi, ka yi yawa, sai ka rage. Haƙora uku na ƙari za su iya buƙatar gaɓoɓi biyu a kan sarƙarka ta 428, kuma idan tsohuwar ta miƙe ko haƙoran sun fara lanƙwasa kamar ƙugiya, ka sauya ukun tare, domin tsohuwar sarƙa tana cinye sabon sifiroket cikin ɗan lokaci. Agogon gudunka ba zai ruɗe ba tunda daga tayar gaba yake karatu ta waya, saɓanin manyan babura da yawa da ke karatu daga giya, waɗanda agogonsu ke fara nuna gudun da ba daidai ba da zarar an taɓa sifiroket. Ku sa mutum ɗaya ya riƙa ɗaukar lokaci da agogon waya a kowane gudu, ku rubuta shi tare da adadin haƙoran da aka yi gudun da su.